Fijo 504 mai buɗaɗɗen sama: me ya sa ta yi wuya, kuma ina ake samunta?

Tambaya: "Na ga hoton wata Fijo mai ƙofa biyu, ba ta da rufin ƙarfe sai tamfol da ake naɗewa baya, kuma an rubuta 504 a jikinta. A cikin 504 na taso, ita mahaifina ya hau har ya yi ritaya, amma ban taɓa ganin irin wannan a titi ba. Daga kamfani ta fito haka, ko wani ne ya yanke rufin? In ta gaske ce, me ya sa ba a ganinta, kuma ta wace hanya mutum zai mallaki guda?"

Ɗan'uwa, motar da ka gani ta gaske ce, ba aikin mai walda ba ne. Sunanta Peugeot 504 Cabriolet, kuma tana da 'yar'uwa mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe, wato 504 Coupé. An fara nuna su tare a baje-kolin motoci na Geneva a watan Maris na 1969, 'yan watanni bayan fitowar salun ɗin da muka sani a ƙarshen 1968, aka ci gaba da ƙera su har 1983. Rashin ganinta da ka yi ba abin mamaki ba ne. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara haɗa motoci a 1975, ta cika mana tituna da salun da wagon da a-kori-kura, amma ba ta taɓa haɗa mai buɗaɗɗen sama ba.

Kafin ka kashe ko sisi, ga abin da nake so ka riƙe: lambar 504 ɗin nan tana yaudarar mai saye. Mutum yana ganinta sai hankalinsa ya kwanta, ya ce ai Fijo ce, kayanta birjik a Panteka da Ƙofar Ruwa, ko yaron gareji ya iya ta. Wannan gaskiya ce a kan wani sashe na inji da giya. A kan bodi kuwa babu ko ƙamshin gaskiya. Ƙofa, bonet, murfin but, fenda, gilashin gaba, fitilu, bamba, babu guda da za ka cire daga salun ya hau kanta. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta daga farko, aka rage tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya da santimita 19, daga mita 2.74 zuwa 2.55, aka sauke tsayinta. Saboda haka wahalar motar nan a bodi take, kuma bodi za ka saya, inji yana biyo baya ne.

Batun ƙarancinta kuwa, lissafi ne ya kawo shi. Jimillar 504 da aka ƙera a duniya ta haura miliyan 3. Daga cikinsu, masu buɗaɗɗen sama 8,000 ne da 'yan kai, cikin shekara 14. Wato ba su kai uku ba a kowace dubu, kuma in ka raba bisa shekaru, ba su kai 600 a shekara ba. Coupé ta fi ta yawa nesa ba kusa ba, ta haura 20,000.

Dalilin farko shi ne yadda ake haɗa ta. Ba a wuri ɗaya ake gama ta ba. Ana ɗauko ƙasan motar daga masana'antar Peugeot da ke Sochaux a gabashin Faransa, a tsallaka duwatsu da shi zuwa wajen Pininfarina a yankin Turin, a can a ɗora bodi, a yi fenti, a ɗinka kujeru da tamfol, sannan a mayar da ita Sochaux a sa mata inji da sauran kayan tafiya. Motar da ta ƙetare iyakar ƙasa sau biyu tun ba ta taka titi ba, dole kuɗinta ya yi sama, kuma dole a yi ta kaɗan-kaɗan. Ba motar magidanci mai iyali ba ce, kujerar bayanta ma da ƙyar take ɗaukar babba. Mai hali ke sayenta a matsayin mota ta biyu.

Dalili na biyu kasuwa ce. A wancan zamani Amurka ce ke shanye buɗaɗɗun motocin Turai. Dubi Fiat 124 Spider, wadda ita ma Pininfarina ke haɗawa: an yi kusan 200,000, mafi yawansu Amurka suka tafi. Mercedes ɗin nan da ake yi wa laƙabi da Pagoda, daga 1963 zuwa 1971, an yi 48,912, ita ma kaso mai tsoka can ya nufa. Peugeot kuwa tana sayar da salun da wagon a Amurka, amma ba ta kai Cabriolet can a hukumance ba. Kuma daga masana'anta duk sitiyarinsu a hagu yake, don haka Ingila ma ba ta zama babbar kasuwarta ba. Sai ta tsaya a Faransa da maƙwabtanta. A gare mu wannan sitiyari na hagu alheri ne, tunda Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, Ghana a 1974, Nijar da Kamaru da Chadi kuwa dama can haka suke.

Dalili na uku shi ne ya fi cin rai, wato tsatsa. Ƙarfen motocin shekarun 1970 ba a ba shi kariyar da ake ba na yanzu ba, kuma a Turai gishiri ake watsawa a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Ga tamfol da in ya tsufa yake yoyo, ruwa ya sauka ƙarƙashin kafet ya kwanta, ba wanda ya sani. Akwai kuma shekarun da motar ba ta da wata daraja, tsohuwar Fijo ce kawai, gyaranta ya fi kuɗinta, sai mutane suka riƙa tura su bola. Waɗanda suka tsira su ake fafutukar nema yau. Neman ya ƙaru bayan 2018, lokacin da Peugeot ta nuna wata motar gwaji mai suna e-Legend a baje-kolin Paris, wadda aka ɗauko siffarta daga 504 Coupé, mutane da yawa suka waiwayo.

To wace iri za ka nema? Kala uku ce in ana maganar fuska. Ta farko, daga 1969 zuwa 1974, tana da fitilun gaba guda huɗu a rarrabe, a baya kuma fitilu uku-uku a karkace kowane gefe. Ita masoya suka fi so, ni ma ita ce ta fi kwanta min a rai, don a nan zanen yake yadda mai zanen ya nufa. Ta fara da inji mai cc 1,796, daga 1970 aka ƙara shi zuwa cc 1,971 mai ƙarfin doki wajen 104. Ta biyu ta zo a ƙarshen 1974, aka haɗe fitilun gaba ƙarƙashin gilashi ɗaya, aka sauya na baya, aka kuma cire inji mai silinda huɗu aka sa V6, wato inji mai silinda shida, mai cc 2,664, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗa kai suka ƙera. Sai dai lokacin bai dace ba, don tsadar man fetur ta 1973 ba ta daɗe da girgiza Turai ba, injin kuma mashayin mai ne. Kasuwa ta ƙi, a 1977 aka dawo wa Cabriolet da injin lita biyu, aka bar V6 a Coupé kaɗai. Shi ya sa Cabriolet mai V6 guda 977 kacal aka yi, ita ce mafi wuya kuma mafi tsada. Ta uku, ta ƙarshen zamanin, an fi gane ta da manyan bambobin roba maimakon na ƙarfe mai ƙyalli.

Kada ka ɗauka motar ado ce kawai. Birkinta faifai ne a tayoyi huɗu, tayoyin bayanta kowace da nata motsi, ba kamar wagon da a-kori-kura masu sandar aksul guda ba. 'Yar'uwarta Coupé V6 ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas, ta kuma ci ta Bandama a Kodebuwa a shekarar. Ba ta da gudun Ferrari, ba kuma don haka aka yi ta ba, amma a doguwar hanya tana da laushi da natsuwar da duk wanda ya san 504 zai gane nan take.

Shawarata gare ka, mai lita biyu. Kada ƙarancin V6 ya ja ka. Injin V6 ɗin farko yana da kafireto biyu da sai gwani ke daidaita su, kuma tsarin tartsatsinsa ba a jere yake daidai ba, don haka ko lafiyarsa ƙalau yakan ɗan yi rawa in yana tsaye. Bakaniken da bai san halinsa ba zai yi ta kwance shi yana neman ciwon da babu. Injin lita biyu kuwa ɗan gidan wanda ke cikin salun ɗinmu ne, abubuwa da dama kamar gasket da kulochi da famfon ruwa sukan yi daidai, in ka gwada lambar kaya kafin ka saya.

Amma a nan ma akwai wurin da zumuncin ya yanke. Yawancin Fijo da muka saba da su kafireto gare su. Wannan kuwa injekta ce ta tsohon yayi, ta kamfanin Kugelfischer, babu kwamfuta a cikinta ko kaɗan. In ka ɗaga bonet za ka ga famfo a gefen inji, bel mai haƙora yana juya shi, siraran bututan ƙarfe huɗu sun fito daga kansa, kowanne ya nufi silindarsa. Aikin agogo ne. In an daidaita shi, aka ba shi mai mai tsabta, yakan yi shekaru ba a taɓa shi ba. Abin da ke kashe shi biyu ne, dattin tanki da hannun mai karambani. Mai gauraye da ruwa ko man jarka na bakin titi ba abincinsa ba ne. Kuma ranar da ya fara gardama, abu na farko da za a ce maka a gareji shi ne, "Alhaji, a cire wannan wahalar a sa kafireto mana." Motar za ta tashi, amma ka zubar da wani babban kaso na darajarta. In dole ta sa aka yi haka don ka samu hawa, a kwance famfon da bututansa da duk wani kusa nasa, a shafa mai, a adana a akwati. Masu gyaransa suna Faransa da Jamus, ana aika musu su sabunta su dawo da shi.

Sai inda ake samunta. Gaskiyar magana, Faransa ce gidanta, sai Beljiyam, Holan, Jamus, Switzerland da Italiya. A intanet, Leboncoin shi ne inda masu motar da kansu suka fi sa talla a Faransa, mobile.de a Jamus, akwai kuma Catawiki da Car & Classic. Gidajen gwanjo irin su Artcurial da Osenat da Aguttes sukan fito da masu kyau, tare da tarihin motar a rubuce, sai dai akwai la'adarsu a kan kuɗin da aka buga. In kana da halin tafiya, baje-kolin tsofaffin motoci na Rétromobile a Paris a farkon shekara, da Époqu'Auto a Lyon a watan Nuwamba, nan za ka ga motar ido da ido, ka haɗu da masu sayar da kayanta. Hanyar da na fi yarda da ita kuwa ita ce ƙungiyoyin masu motar, kamar Amicale 504. Mota mai kyau sau da yawa ba ta kaiwa ga talla, a tsakanin 'yan ƙungiya take sauya hannu, kuma su sun san wadda aka gyara da gaskiya da wadda aka shafa wa kwalliya. In ba ka jin Faransanci, nemi ɗan'uwa daga Maraɗi ko Damagaram ko Yamai ya riƙa yi maka magana da su. Wannan kaɗai zai buɗe maka ƙofofi.

Ko za a iya tsintar ta a nahiyarmu? Ba a rasa ɗaiɗaiku da wani jami'in jakadanci ko ɗan kasuwa ya shigo da su, musamman a ƙasashen da Faransa ta raina, irin su Maroko da Senegal da Kodebuwa. In Allah ya sa ka ji labarin wata a bayan gidan wani, je ka gani, don wadda ta zauna a busasshiyar ƙasa takan tsira daga tsatsa. Amma irin waɗannan galibi an riga an cinye su da gyaran dabara: fitilar wata mota, kujerar wata, injin salun. Abin da ya ɓace a jikinsu shi ne ainihin abin da ba ya samuwa.

Kuɗi kuwa, mai lafiya wadda za ka hau ka tafi gomman dubban Yuro ce, Cabriolet ta fi Coupé tsada sosai, V6 ta fi duka. Duk tallar da ka ga farashinta ya faɗi ƙasa warwas, mai ita yana gaggawa, wai yana wata ƙasa, a turo kafin alƙalami zai aiko da motar, to ka san ba mota ake sayarwa ba. Hotunan wata tsohuwar talla aka kwafo. Kada kuɗinka ya fita sai wani naka, ko ƙwararren mai duba mota da kai ka biya shi, ya sa hannu a jikinta.

Ga yadda ake duba ta. Kada ka fara da tayar da inji, kada kuma ƙyallin fenti ya ɗauke maka hankali. Durƙusa a gefenta, ka dubi dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofa, daga tayar gaba zuwa ta baya. A motar da ba ta da rufi, shi ne ƙashin bayanta, shi ke hana ta lanƙwashewa a tsakiya. Naɗe ɗan mayen ƙarfe a ƙyalle, ka bi jikinsa a hankali taƙi bayan taƙi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, fila aka cusa aka yi fenti a kai. Ƙwanƙwasa da bayan sukudireba, lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, wani lokaci har ka ji garin tsatsa yana zuba a ciki. Daga nan ɗaga kafet na gaba da na baya, ka taɓa ƙasan da tafin hannu ko da danshi. Buɗe but, fitar da safaya, ka leƙa ƙarƙashinta. Duba gindin gilashin gaba, da ƙasan fenda, da bakin tayoyin baya, da ramin da tamfol ke kwanciya in an naɗe shi, don nan ruwa ke taruwa. Sannan a sa jak a ɗaga gefe ɗaya, ka buɗe ƙofa ka rufe. In ta rufu lafiya kamar yadda take a ƙasa, bodin yana da ƙarfi. In ta cije, ko tazarar da ke tsakaninta da bodi ta sauya, motar ta riga ta saki, kuma gyaran wannan sai an kafe ta a kan ma'auni an sake gina ƙasanta. Aiki ne da kan ci fiye da kuɗin sayenta.

Bayan ƙarfe, ƙirga ƙananan kaya. Fitilun bayan nan uku-uku, adon ƙarfe mai ƙyalli na gefen gilashi, hannun ƙofa, bamba, sandunan da ke ɗaga tamfol. Tamfol ɗin kansa ba matsala ba ne, ana ɗinka sabo a Turai. Sandunansa ne in sun karye ko sun ɓace za ka sha nema. Mota mai mataccen inji da cikakken bodi ta fi mai lafiyayyen inji da aka rasa mata waɗannan.

Akwai kuma abin da ka tambaya da kanka, batun yanke rufi. Ana yi. Tunda Cabriolet ta fi tsada, wasu kan yanke Coupé su sa mata tamfol. Dubi farantin lamba da ke ƙarƙashin bonet: nau'in Cabriolet da harafin B yake farawa bayan 504, na Coupé da C. Lambar da ke farantin ta dace da wadda aka buga a jikin ƙarfe da wadda ke takarda. Don ƙarin tabbaci, sashen tarihi na kamfanin, L'Aventure Peugeot, mai gidan adana motoci a Sochaux, yana bayar da takardar shaidar yadda mota ta fito daga masana'anta in an ba shi lambarta. A Faransa kuma ka nemi carte grise, wato takardar rajistar mota, da sunan mai sayarwa, da takardar da ke nuna babu bashi ko wata ƙara a kan motar, da sakamakon gwajin lafiyarta na kwanan nan.

Shigo da ita wani babi ne da ake gamawa kafin a biya kuɗin mota, ba bayan ta iso ba. Nijeriya tana da ƙa'idar shekarun tsohuwar motar da za a shigo da ita, wannan kuwa ta haura shekara 40 ko ta ƙarshen fitowa ce, sannan a farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Saboda haka ka samu wakilin kwastan mai lasisi ya nemo maka matsayin hukuma a rubuce a kan mota irin wannan, da abin da za ka biya, tun tana can. Kuma a kwantena za ta zo, daga Le Havre ko Antwerp, a ɗaure, da inshora. Kada ka yarda a saka ta a jirgin da ake tuƙa motoci a shiga da su, motar da wuƙar aljihu ke iya buɗe rufinta ba ta jure wannan tafiya, kuma fitila ɗaya da za a cire a hanya za ta iya cin ka shekara kana nema. Tun tana Turai ka sayi abin da ka san ba ka samu a gida, ka cusa a kwantenar: bel ɗin famfon injekta, robobin ƙofa da na gilashi, matatun mai, da littafin gyaranta.

In ta iso, ranar da muke da ita ita ce abokiyar gaba ta farko. Tana cin tamfol, tana fasa dashbod, tana busar da robobi, ƙurar hunturu kuma tana dusashe tagar roba ta baya in ana goge ta a bushe. Sai a rumfa mai inuwa, tamfol a ɗage a ɗaure, kada a bar shi a naɗe wata da watanni. Kafin ka fara yawo da ita a sauke tanki a wanke, a sa sabuwar matatar mai, a wanke lagireto, a sauya man birki da tiyoyinsa, a duba shekarun tayoyi ko da haƙoransu ba su cinye ba. Motar ƙasa-ƙasa ce, ba ta da tsayin wagon, don haka ka san hanyoyin da za ka bi da ita, ka kuma zaɓi bakanike guda, dattijo wanda ya yi zamanin 504, wanda zai yarda ya buɗe littafi kafin ya ɗauki sifana.